Ƙarau Uku a Ƙasan Adudu: Tsakanin Gilashin Bida da Gilashin Dajin Turai

Ranar da aka zauna rabon kayan kakata, Allah Ya jiƙanta, a ƙauyenmu da ke arewa da Dambatta, idon kowa yana kan kwalla biyu da zannuwan saƙi da wata tsohuwar tasa ta tagulla. Da aka kai ƙasan adudu sai ga wani ƙullin tsumma. Goggona ta kwance, ta duba, ta taɓe baki, ta miƙo mini. "Ungo, ɗan nan, kai ne mai son tarkace." Ƙarau ne guda uku, wato mundayen gilashi irin na matan da. Biyu baƙaƙe wuluk, ɗaya kore, an nannaɗe shi da farin zare na gilashi. Na san su. Ina yaro idan na kai musu hannu sai tsohuwar ta buge ni ta ce, "Angona, bar min kayana, ba a kawo irinsu yanzu." Ta ce a wurin ɗan koli aka saya mata tana amarya, zamanin Sarki Alhaji, kuma aikin Nufawa ne, daga Bida.

Sun yi shekaru a aljihun tebur. Abin da ya sa na fito da su shi ne wasu hotuna da na ci karo da su a waya, na kofunan gilashi kore-kore da gidajen tarihi na Jamus da Holan suke ajiyewa, ana haska musu fitila sai ka ce zinariya. Ba su miƙe sosai ba, jikinsu duk ƙananan kumfa. Jamusawa na ce musu Waldglas, wato gilashin daji. Na dubi hoton, na dubi abin da kakata ta bari, na ga dangi ne, amma ɗaya yana da masana da littattafai da farashi, ɗayan kuwa sunansa tarkace. Mun saba yi wa littafi da fim da waƙa sharhi. Yau abin hannu nake so in yi wa, in ɗora shi a sikeli ɗaya da ɗan uwansa na Turai, in faɗi inda ya ci da inda ya gaza.

Gilashi dai yashi ne da ya narke. Matsalar ita ce yashi zalla ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, kuma wutar itace ba ta kai nan. Dole a haɗa shi da abin da zai karya masa taurin kai. Rumawa kanwa suka yi amfani da ita, wadda ake haƙowa a Wadi Natrun ta Masar, 'yar uwar wadda ake jefawa a miyar kuka. Daga wajen ƙarni na 8 zuwa na 9 samun wannan kanwa ya yi wuya, sai masu sana'ar a arewacin Turai suka koma ga abin da ke gabansu, wato toka. Wani malamin Kirista mai rubutu da sunan Theophilus, a farkon ƙarni na 12, ya bar ma'aunin a rubuce: kashi biyu na tokar wata bishiyar dajinsu mai suna bic, kashi ɗaya na yashi. Matan ƙauyenmu masu tace ruwan toka, da marina masu zuba ta a karofi, ba sai an gaya musu ƙarfin da ke cikin toka ba.

Tunda toka ake so da yawa, kuma itace ne abincin tanderun dare da rana, sai sana'ar ta bar gari ta shiga daji: dajin Spessart a Jamus, da Bohemiya wadda ke cikin Jamhuriyar Cek a yau, da Loren a Faransa, da kudancin Ingila. Iyali guda za su karɓi hayar yankin daji a wurin mai ƙasa, su gina tanderu, su cinye itatuwan da ke kewaye da su, sannan su kwashe su yi gaba. A 1406 masu gilashin Spessart suka rubuta wa kansu ƙa'ida: aiki daga bikin Ista zuwa 11 ga Nuwamba kawai, kuma ba a koya wa kowa sana'ar sai ɗan gado. Wanda ya san gidan maƙera ko na wanzamai a ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan doka ta biyu ba.

Koren nan da ake yabo yanzu, datti ne. Ƙarfen da ke cikin yashi da toka shi ke rina gilashin. Mutanen Benis ta Italiya, waɗanda aka tattara masu gilashinsu a tsibirin Murano tun 1291, aibi suka ɗauke shi. Suka yi ta tace tokar da suke sayowa daga Sham, suna zaɓen fararen tsakuwar kogi, har a tsakiyar ƙarni na 15 suka samu gilashi garau kamar ruwan rijiya, wanda ake danganta shi da Angelo Barovier. Na cikin daji ba su da wannan gata, kuma a ganina rashin gatan ne ya ba su salo. Dubi kofin da suke kira Krautstrunk, ma'ana karan kabeji: gajere ne, mai tumbi, an ɗiɗɗiga masa narkakken gilashi a jiki an ja bakin kowane ɗigo sama, ya zama kamar kara da aka yaye ganyensa. Dubi Roemer, wanda ya yi tashe a ƙarni na 17: sama kwano, tsakiya wuya mai ƙulle-ƙulle, ƙasa ƙafa da aka yi da zaren gilashi a nannaɗe. An ce amfanin ƙulle-ƙullen shi ne kada kofi ya suɓuce daga hannun da ya sha maiƙo, domin a lokacin da hannu ake cin nama. Ko ma dai mene ne dalilin, abin da ya burge ni shi ne duk adon daga halin narkakken gilashi ya fito: yana ɗiga, yana jawuwa kamar yauƙin kuɓewa, yana daskarewa a inda aka bar shi. Mai aikin yana da ɗan lokaci kaɗan, ya yi abin da zai yi kafin wuta ta bar jikin abin. Daga baya, a ƙarshen ƙarni na 17, Bohemiya ta koma yin farin gilashi mai kauri, ana sassaƙa masa hotuna bayan ya huce. Gwaninta kam akwai, amma ni ba ya motsa ni. Masu zanen Holan irin su Pieter Claesz da Willem Claesz Heda sun san inda daɗin yake, shi ya sa koren Roemer ya cika hotunansu na shekarun 1630, da hasken taga a kwance a tumbinsa.

Mu dawo gida. A Bida akwai unguwar Masaga, inda sana'ar gilashi take gado. Ba sa busa gilashi kamar Turawa. Tanderun yumɓu ne a tsakiyar ɗaki, mai zugazugi yana gefe, masu aiki na zaune kewaye da wuta da sandunan ƙarfe. Za a ɗebo narkakken gilashi a bakin sanda a nannaɗa, idan dutsen wuya ne a daidaita shi a zare shi. Idan ƙarau ne sai a buɗa ramin da wata sandar, a yi ta juya shi a wuta yana faɗaɗa har ya kai girman hannu. Shi ya sa ba za ka ga mahaɗi a jikinsa ba. Na shafa nawa da yatsa sau ba adadi, babu inda ya fara, babu inda ya ƙare.

Abin da ya fi wannan girma shi ne, a da su suke dafa gilashinsu tun daga yashi. Suna kiran sa bikini. Yashi ne da kanwa da ɗan kashin maƙera, a zuba a tanderu a yi kwana da kwanaki ana ba shi wuta, ya fito baƙi ƙirin. Ƙarfen nan da ya mai da gilashin Jamus kore, shi ne da ya yi yawa ya mai da na Bida baƙi. Ɗaya daga cikin baƙaƙen nawa ya ɗan ɓantare a gefe. Idan na ɗaga wurin ga rana sai in ga ashe ba baƙi ba ne, kore ne da ya yi duhu har ya haɗiye haske.

Kanwar kuwa daga yankin Tafkin Cadi take zuwa, kuma Kano na kan hanyarta. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda ake bi da kanwar Barno ta nan zuwa ƙasar Nufe da yawan gaske. A wannan kasuwa ya ga duwatsun wuya na Benis da madubai na Nuremberg. Ke nan macen Kano ta wancan zamani ba rashin zaɓi ya sa ta saka ƙarau ba. Kayan Turai na nan a shimfiɗe a Kurmi, na Nufawa ya zauna kusa da su ya ci kasuwarsa. Kuma ina jin daɗin tunanin cewa jakin fatake ya wuce da kanwa ta gonakin ƙasar Kano zuwa kudu, ɗan koli ya dawo da ita a matsayin adon amarya.

To, me za a ce game da ƙarau ɗin kansa? Idan aka auna shi da ma'aunin gidan tarihin Turai, wato sirantaka da shigar haske da wuyar busawa, faɗuwa zai yi tun a zagayen farko. Amma wannan ma'auni ne na kofin sha, wanda ake ɗagawa a kalli abin da ke ciki. Ƙarau ba don haske ya ratsa shi aka yi shi ba, don haske ya zame a kansa ne. Cikinsa a shafe yake ya kwanta a fata, bayansa a gantsare, kuma kaurinsa ba ɗaya ba ne, wani gefen ya ɗan fi wani. Wannan rashin daidaito shi ke sa idan hannu ya motsa ƙyallin ya yi ta yawo. Kuma a lura da ƙarfin halin da ke cikin ɗora baƙi a kan baƙar fata. Mai neman ado mai sauƙi fari ko ja zai ɗora, kowa ya hango daga nesa. Banufen da ya yi wannan ya yarda cewa bambancin sheƙi kaɗai ya isa, tsakanin fatar da ta sha man shanu da gilashin da ya sha wuta, ga jan lalle a tafin hannu. Sai wanda ya matso kusa zai gani.

Akwai kuma kunne. Idan baƙaƙen biyu suka haɗu, sautinsu gajere ne, mai nauyi, ba irin ƙarar awarwaron ƙarfe mai cika gida ba. Kakata takan ce miji yana gane tahowar matarsa da shi tun daga zaure. Wannan ɓangare na fasahar babu akwatin madubin da zai iya nuna shi.

Amma ba zan yi wa Masaga yabon maroƙi ba. Inda gilashin daji ya fi su a fili yake: yawan siffa. Na Turai sun yi kofi gajere da dogo, da kwalba mai murɗaɗɗen wuya, da gilashin taga, da kayan masu haɗa magani, suna gwaji suna sakewa. Na Bida sun tsaya a kan zobe da dutse, kaka da kakanni. Akwai uzuri. Ƙwarya da tulu da randa sun riga sun cika gida, babu mai neman kofin da zai fashe, kuma kasuwar ƙarau kasuwar arha ce: mace ta saka, ya fashe wajen daka, ta jira ɗan koli. Duk da haka ina ganin rufe sana'a a cikin gida ɗaya, wanda ya kare ta shekaru aru-aru, shi ne kuma ya hana ta numfashi. Na Turai ma sun rufe tasu, amma yawo ya cece su. A 1567 Jean Carré ya samu izinin yin gilashi a Ingila ya kwaso iyalan masu gilashi daga Loren, hannu ya haɗu da hannu, sabon abu ya fito. Koren ƙarau ɗin nan nawa ma, in za a faɗi gaskiya, bai kai baƙaƙen ba. Farin zaren ya fara kyau, amma wutsiyarsa ba ta narke ta shige jiki ba, tana kartar yatsa. Aikin gaggawa ne, na wanda ke ƙirga dozin.

Na taɓa tambayar kaina me ya sa ƙasar Kano, da duk sana'o'inta, ba ta yi gilashi ba, ga yashi a kowane rafi, ga kanwa tana wucewa ta ƙofar gida. Amsar, a ganina, tana cikin gonakinmu. Tun 1965 Michael Mortimore ya yi rubutu a kan yadda karkarar da ke kewaye da Kano take cike da jama'a, gona na jingine da gona, ana nomawa kowace shekara babu hutu. A irin wannan ƙasa babu itacen da ba shi da mai shi. Gawo na ciyar da gona da dabba, ɗorawa na ba da kalwa, kuka na ba da miya, tsamiya da kanya da ɗinya kowace da ranarta. Sassabe ake yi wa reshe, ba a kayar da uwa. Toka kuwa taki ce, a mangala ake ɗora ta a kai gona. Sana'ar da ke cinye daji ta yi gaba ba ta da wurin zama a nan. Idan aka cire ƙira da ginin tukwane, manyan sana'o'in da Kano ta yi suna da su, rini da saƙa da jima da dukanci, ba masu cin wuta ba ne. Ƙasar Nufe ta fi mu itace, sannan kanwa ta sauƙaƙa musu: wuta kawai suke nema a wurin itace, ba sai sun ƙone daji don toka ba. Duk mai sha'awar koren Roemer ya tuna da wannan, kyan nan da bishiyoyi aka biya shi.

Turawan ma sun gaji da biya. A 1615 Sarki James na ɗaya na Ingila ya hana hura tanderun gilashi da itace, domin jiragen ruwa na bukatar katako. Aka koma kwal. Wutar kwal ta fi zafi, sai ta haifi kwalba mai duhu, mai kauri, wadda ke jure tafiya. Jikokin wannan kwalba ne suka hau Kogin Kwara a jiragen 'yan kasuwar Turai a ƙarni na 19. A 1897 sojojin kamfanin Royal Niger suka ci Bida. Leo Frobenius ya ga masu gilashin a 1911, S. F. Nadel ya zauna da Nufawa a shekarun 1930 ya yi rubutu a kan sana'ar, kuma a zamaninsu kwalba ta riga ta shiga Masaga. Wa zai yi kwanaki yana dafa yashi alhali ga gilashi dafaffe a juji? Dokar da ta kashe gilashin daji a Ingila ita ce, ta doguwar hanya, ta taimaka wajen kwantar da bikini.

Narka kwalba ba abin kunya ba ne. Rumawa sun narka fasassun gilashi, na dajin Jamus ma haka. Har ma ya kawo wa Masaga launukan da ba su da su: kore da ruwan ƙasa daga kwalaben sha, shuɗi daga na magani, fari daga na man shafawa. Koren nawa ɗan wannan zamani ne. Asarar tana wani wuri. Mai bikini shi ke yanke hukuncin launinsa tun daga ɗiban yashi. Mai narka kwalba kuwa kamfanin lemo da na magani ne suka zaɓa masa, kuma ranar da suka koma roba sai ya zauna.

Mutanen Masaga suna cewa kakanninsu daga Misira suka taso. Ba na raina wannan labari, kuma haɗin yashi da kanwa ya yi kama da na can. Abin da nake ƙi shi ne saurin da muke yi, mu da baƙi, na nema wa duk wani abin kirki uba a waje. Frobenius da ya ga kayan Ile-Ife a 1910 cewa ya yi ragowar Atlantis ne, ƙasar tatsuniyar Girkawa. Shekaru ɗari bayan haka Abidemi Babatunde Babalola ya yi haƙa a Igbo Olokun, wato kurmin Olokun a Ife, ya tono duwatsun gilashi fiye da 12,000 da fasassun tukwanen narka su, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Gwaji ya nuna haɗin sinadaransu ya saɓa da na Masar da na Turai da na Indiya. A nan aka dafa shi, da kayan nan. Ashe Najeriya ma tana da gilashin dajinta, kuma sa'an na Theophilus ne.

A 2021 hukumar UNESCO ta saka Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'ar hannu. Madalla. Sai dai abin da nake gani a rumfunan masu sayar wa baƙi manyan duwatsu ne masu launi biyar-biyar, an yi su don kyamarar waya da wuyan ɗan yawon buɗe ido. Suna ihu, baƙin ƙarau kuwa raɗa yake yi. A kasuwar Dambatta na bi 'yan koli rumfa-rumfa, roba ce da gwangwanin Sin, wani saurayi ma bai taɓa jin kalmar ƙarau ba. Marubutanmu su ma ba su taimaka ba. A littattafan soyayyar da na karanta an sha cika shafi biyu da lissafin lefe, leshi kaza, gwal ɗin Dubai kaza, akwati saiti kaza, amma ban ci karo da jarumar da ta gaji wani abu daga hannun kakarta marubuciya ta tsaya ta siffanta mana shi ba. Kayan da ke cikin labaranmu duk farashi gare su, ba su da tarihi, ba su da sauti.

Makon jiya 'yata mai shekara goma sha huɗu ta gan su a kan tebur. Ta gwada baƙi ɗaya, ya tsaya a gaɓar yatsu. "Baba, ai wannan na yara ne." Na ce ba na yara ba ne, da sabulu ake saka shi, haka na ga tsofaffi suna yi. Uwarta ta kawo ruwa da sabulu, ta matse mata tafin hannu kamar mai murɗa tsumma, yarinya na cije leɓe, sai ga shi ya wuce. Ya zauna mata cas. Ta yi ta juya hannu a hasken ƙofa. Da dare ta zo a cire mata, aka yi aka yi ya ƙi, hannun ya ɗan kumbura. Har yau yana nan a hannunta, kuma gobe ita ke da wanke-wanke.